Gaisuwar da Ba Ta Cikin Jeri

"Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta yau babu gizo a cikinta."

"Ta zo mu ji ta, ko ta wace ce."

To, ta Surayya ce, 'yar Gwandu, matar marigayi Lukuman. Ku gyara zama, don sai na fara kwatanta muku aikinsu kafin ku gane inda abin ya yi ciwo.

Su uku ne a wani ɗakin haya a bayan kasuwar Gwandu: Lukuman, da matarsa Surayya, da abokin karatunsu Abdulrasheed. Wata ƙungiyar manoma da makiyaya ce ta ɗauke su, aikinsu kuwa kula da akwatunan magana. Kowane akwati na ƙarfe ne, bai fi akushi girma ba, da 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki, da farantin sola a kai, da lasifika a gefe. An ɗaura su a kan dogayen sanduna a ƙauyuka da rugage, tun daga Ceberu har Dangoma ta ƙasar Kalgo. Kullum da safe, in gari ya yi haske, sai akwati ya yi gyaran murya ya faɗa wa mutane labarin ranar: inda ruwan gulbi ya kai, ko wata cutar dabbobi ta ɓulla, da ranar da masu allura za su zo. Labarin daga babbar na'ura yake fitowa, wadda suke ce wa saba, akwatunan kuma su ɗauko ta layin waya.

Kowane akwati yana da takardar umarninsa a cikinsa, fayil suke ce mata. Ita ke gaya masa sunan garinsu, da harshen da zai yi, Hausa ko Fulatanci, da lokacin da zai buɗe baki, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya karɓo labari. Da farko da hannu suke rubuta wa kowanne tasa, har wata rana akwatin wata ruga ya wayi gari yana ba Fulani labarin kamun kifi. Daga nan Lukuman ya ce an daina. Ya rubuta takarda guda ɗaya tak ya bar gurabe a cikinta, kamar dai katin gayyatar biki da aka buga aka bar wurin suna. Wannan shi ne tamfilet. A gefe kuma ya yi jeri: kowane gari da sunansa da harshensa da lokacinsa. In aka danna, na'ura sai ta bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, ta cike guraben, ta aika wa kowane akwati tasa takardar, ta danne tsohuwar. In ta gama sai ta yi shara, duk wata murya da aka ajiye a akwati wadda jeri bai ambata ba ta share ta, don katin ajiyarsa ƙarami ne.

Lukuman ya kan buga tebur ya ce, "Kada wanda ya sake taɓa akwati da hannu. Abin da ba ya cikin jeri, babu shi."

Allah Mai iko. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, bayan girbi, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Surayya ta shiga takaba, Abdulrasheed ya riƙe ofis shi kaɗai, bai canza kome ba, ya bar akwatuna yadda suke. Da ta fita takaba ta dawo aiki sai ta tarar da magana tana jiranta. Za a rufe tsohuwar saba a ƙarshen wata, an buɗe sabuwa, dole a aika wa kowane akwati sabuwar takarda da sababbin muryoyi. In ba haka ba duk za su yi shiru, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma mutanen bakin gulbi da akwatin nan suke sanin ranar kwashe kaya.

Ta zauna a kujerarta, ba ta kalli ta Lukuman ba. Ta gyara jeri, ta sa sabuwar ƙofa a tamfilet. Amma kafin a aika akwai zagayen gwaji, inda na'ura za ta leƙa kowane akwati ta faɗi abin da za ta canza ba tare da ta taɓa kome ba. Sunaye suka riƙa wucewa a allo, kowanne da canji iri ɗaya. Da aka zo rugar Arɗo Hamidu ta wajen Dangoma sai abin ya bambanta. Akwai layi guda a takardar akwatin da babu shi a tamfilet, akwai kuma murya guda da shara za ta kwashe. Rugar nan can aka haifi Lukuman, can mahaifiyarsa Inno take.

Surayya ta sa abin ji a kunne ta buɗe muryar ta layi.

Shi ne. Muryarsa ce, da 'yar dusashewar nan tasa ta safiya, da kukan maraƙi a bayansa. Da Fulatanci yake yi, ita kuwa Fulatancinta bai wuce na gaisuwa ba. Ta ji ya ce "Inno", ta ji ya tambayi kwana, sauran ya wuce ta. Maganar gajeriya ce. Ta ƙare, Surayya ta cire abin jin ta ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ta kifa kai a tebur.

Abdulrasheed ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya matso ya duba allon.

"Inna lillahi. Daminar bara ce, lokacin da ya je gyaran sola. A jikin akwatin ya ɗauka, ya sa ta fito kafin labari." Ya girgiza kai, har ya ɗan yi murmushi. "Mai doka ya taka doka. Da yana nan yau da mun ci shi tara, ya saya mana tsire."

"Watau tun rasuwar nan kullum sai ya gaida Inno," in ji Surayya. "Kuma babu wanda ya faɗa mana."

"Malama Surayya, abin ba wuya. Layi ɗaya ne. Mu buɗe gurbi a tamfilet, mu sa sunan muryar a jeri, shi ke nan ta zauna. In kuma mun bari, shara ta tafi da ita, kuma babu ta a ko'ina, wayarsa ma kin san an wanke ta an ba ƙanensa. Ki kwafo ta tukuna, ko me za a yi daga baya."

"A'a. Ba da ni yake magana ba. Jin da na yi ma ji nake kamar na laɓe a bayan zana. Ka sani ko kullum ƙona mata rai yake yi, ta rasa wanda za ta gaya wa? Maganar ɗa da uwa ce, sai abin da ta ce."

Washegari ta hau motar haya zuwa Kalgo, daga can ɗan kabu-kabu ya kai ta rugar a babur. Ta saya wa Inno goro da gishiri da turmin atamfa.

A nan sai na tsaya na gaya muku wace ce Inno. Lukuman ɗanta ne na fari, kun kuwa san alkunyar ɗan fari. Mu ma Hausawa muna yi, amma ta mutanen ruga daban take. Tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita bakinta ba. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, da aka yaye shi ƙanwar ubansa Dije ce ta ɗauke shi ta raine shi. Da ya girma ya zauna a gari, in dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin Gwandu". In ya zo ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya ta kama wankin ƙwarya. Ranar da aka kawo labarin rasuwarsa tana kaɗa nono, ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da kaɗawa. Surayya ta san duk wannan. Sai dai a gidansu na Gwandu abin ya yi sauƙi, uwarta har raha take yi da babban wansu, don haka a ranta ta ɗauka mutuwa tana ɗage irin wannan labule.

Da ta isa, matan ruga suka fito tarbarta, don tun zaman makoki ba su gan ta ba. Goggo Dije ce kaɗai ba ta nan, ta kai nono kasuwa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin itace, aka kawo fura, mata suka zagaye. Surayya ta durƙusa gaban Inno kanta a ƙasa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Gwandu ɗaya ɗaya, aka tambayi haƙuri. Daga inda take tana hango sandar akwatin a bakin garke.

Ta ga rana tana yi, ga hanya da nisa, sai ta ce, "Inno, wata magana ce ta kawo ni. Za mu sabunta akwatin can. To akwai muryar marigayi a ciki, wadda yake gaishe ki da safe. Na ce bari in ji daga bakinki, a bar ta ko a cire?"

Wata tsohuwa ta kau da kai, wata ta kama gyaran ɗankwali.

Inno ba ta ɗago ba. Faifai take saƙa, ta ja zaren kaba ta ce, "Wace murya? Ni hayaniyar ƙarhen can ba ta kawo mini nan."

"Ta kafin labarin ruwa, Inno."

"Mi an nawa da surutun mutumin Gwandu? Ku anka ba aiki. Ku share abinku."

Surayya ta matso kaɗan. Ta ƙara yin ƙasa da murya. "Inno, in an share ba ta dawowa."

"Shi wanda ya tahi ya dawo ne?" in ji Inno. "Sha furarki, ɗiyata, kada ta tsinke."

Matan suka ce Allah ya jiƙansa, aka shafa, aka koma zancen tsadar dusa.

A mota Surayya tana ta juya maganar. Ta ce a ranta, ashe abin da na zata ne, miki ne ake fama mata kowace safiya. Ta isa ofis da la'asar, Abdulrasheed ya tambaye ta, ta faɗa masa yadda aka yi. Ya sake cewa ta kwafa. Ta kai hannu, ta tsaya. Mai abu ta ce a share, a gaban shaidu, ita kuma ta ɓoye ta ajiye? Wannan ai sata ce, kuma satar kayan suruka. Akwai kuma abin da ba ta faɗa wa Abdulrasheed ba. Ta san kanta, in muryar nan ta shiga wayarta, ba za ta ƙara moruwa ba, nan za ta tare.

Ta yi bisimilla ta danna. Na'ura ta kama jeri tun daga sama, gari bayan gari, tana cike gurabe tana aikawa tana shara. Da ta zo rugar Arɗo Hamidu ba ta ko ɗan dakata ba, ta rubuta an canza, ta wuce gaba. Kafin magariba duk akwatuna sun karɓi sabuwar takarda. Da safe kowanne ya yi magana a kan lokaci, kuma a makon nan gargaɗin ruwa ya isa mutanen bakin gulbi suka kwashe shinkafarsu.

Ranar kasuwar Gwandu, suna zaune, sai suka ji ana sallama da ƙarfi kamar mai kiran shanu. Goggo Dije ce, gajeriya kakkaura, da ƙwarya a ka, ko ita ba ta sauke ba ta fara.

"Ina Kaɗon nan take? Ke, ɗiyar Haɓe! Rana ɗaya na tahi kasuwa kinka rushe mini gida?"

Surayya ta tashi da sauri ta karɓi ƙwaryar ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Goggo. Lafiya?"

"Lahiya ta kawo ni da wanga zahin rana? Kai yaro, ba ni kujera, ba ni son ruwanku mai ƙanƙara, haƙorana ba na aro ba ne." Ta zauna ta dubi Surayya. "Wa ya ce miki ana tambayar uwa ɗan fari? Kuma gaban mata! Ko wuƙa kinka sa mata a wuya, abin da za ta ce ke nan. Ni za ki tambaya, ni da na goye shi ya yi mini fitsari a baya."

"Goggo, na ɗauka ciwo yake sa mata."

"Awo, ciwo ne. Wa ya ce ba ta son ciwonta?" Muryar Dije ta sauka. "Shi ya san abin da ya yi. In ya zo gabanta ba ta tsayawa, shi ya sa ya zuba gaisuwar cikin ƙarhe, don ƙarhe ba a jin kunyarsa. Tun randa ya sa ta, Inno ta mai da turken saniyarta gindin sandar can. Ta ce wai ƙasar wurin ta hi tauri. Kullum nan take tatsa, ta ba akwatin baya. Duk mun gani, duk mun yi kamar ba mu gani ba. Yanzu ma tana zuwa. Ta tsuguna, akwati shi hwara labarin ruwa kai tsaye, ita ko hannunta shina kan hantsa ba shi motsi. Har a gama. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Ba ta ce wa kowa kome ba, kuma ba za ta ce ba. To na zo. Danna abinki ki mai da shi."

Abdulrasheed ne ya ce, "Goggo, babu ita. An share."

"An share a can. Nan hwa?"

"Ko nan babu," in ji Surayya. "Ya ce in kwafa, na ƙi. Na ga kamar ba ni da hurumi."

Dije ta dube ta. Duk faɗan nan ya zube. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ita da ba a hana ta kuka ba, ta yi shi sosai, Surayya na durƙushe tana taya ta.

Abdulrasheed bai yarda ba sai da ya gwada. Ya hau babur har rugar, ya ciro katin akwatin ya sa wani, ya kawo ofis ya yi ta bincike da duk dabarar da ya sani. Amma katin ƙarami ne, sababbin muryoyin da aka aika sun kwanta daidai inda tsohuwar take. Abin da ya samo ɗan ƙara ne kawai, kamar iska a cikin kara. Ya zo ya faɗa mata, bai ce da kin ji maganata ba, Allah ya saka masa.

Surayya ta yi kwanaki ba ta da sukuni. Ba rashin muryar kaɗai ke cinta ba, har da rashin sanin abin da ya ce. Sau ɗaya ta ji, kuma ba ta fahimta ba. Daga nan ne wani tunani ya zo mata. Ta kira Goggo Dije a waya ta ce tana son ta dawo, amma tana son ta sami Inno ita kaɗai.

"Yanzu kinka yi hankali," in ji Dije. "Zo ran Laraba. Akwai suna a rugar gaba, zan kore su duka, ko mai ciwon ƙahwa sai ta tahi."

Ta sami Inno a cikin bukka, tana zaune a bakin gadon kara, ƙore a jere a bayanta. Ta rame, idanun sun faɗa. Aka gaisa. Surayya ta zauna daga bakin ƙofa, ba ta kalle ta ba, ta kama wasa da bakin tabarma.

"Inno, aiki ne ya cije mini. Akwatin can yanzu faɗa wa mutane yake da labari babu ko sallama, abin babu daɗi. Muna son mu sa gaisuwa a gaba, irin wadda aka saba ji. Ni zan faɗa da bakina. To kin san Fulatancina."

Inno ta mai da idonta kan ƙofa. Can sai ta ce, "Fulatancinki abin kunya ne. Shekara nawa kina cikinmu, ko kare ya hi ki. Matso nan."

Ta matsa.

"Ce, a waali jam."

"A waali jam."

"Ba haka ba. Ja shi. Kina yi kamar mai cinikin albasa."

Haka suka fara. Inno ta faɗi gaɓa, Surayya ta maimaita, Inno ta gyara, sannan ta juya mata da Hausa don ta san abin da bakinta ke faɗi. Idon Inno yana kan ƙofa, muryarta a miƙe kamar mai lissafa kayan miya. Ga abin da maganar ta ƙunsa: Inno, kin kwana lafiya? Ya ƙafar? Kada ki fita raɓa babu takalmi, na san ki. Ni lafiyata lau.

"Nan sai ki dakata," in ji Inno. "Akan dakata nan. Kamar numhwashi biyu."

Surayya ta dakata.

Inno ta faɗi ta gaba. Wannan ta fi tsawo, sai da Surayya ta yi ta sau da yawa kafin ta zauna mata. Ta jira fassara, Inno ba ta bayar ba.

"Me take nufi, Inno?"

Inno ta gyara zaman wata ƙwarya da ba ta karkace ba. "Cewa anka yi, baƙuwarki tana kula da ni, har na hwara tumbi, kada ki sa damuwa." Ta sake taɓa ƙwaryar. "Nan akan yi 'yar dariya. Ba mai yawa ba."

Surayya ta kasa. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Inno ta bar ta, ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Da abin ya lafa ta miƙo mata ruwa a ludayi.

"Share hancinki. Ba a gaida mutane da majina. Saura kaɗan."

Sauran shi ne: ba sai kin amsa ba, na san kin ji. To, jama'a, ga labarin yau.

Suka yi ta bi daga farko har rana ta karkata. Babu kalma ɗaya da Inno ta yi tuntuɓe a kanta, kuma ko sau ɗaya ba ta ce wane ne ya fara faɗin maganar ba, Surayya ma ba ta ce ba. Da ta zauna daram, Surayya ta fito da waya ta ɗauka. Wajen zancen baƙuwar nan, watau ita kanta Surayya, ta tsaya ta ce ko a cire, tunda yanzu ita ce mai faɗi.

"An ce ki gyara? Faɗi yadda take."

Ta faɗa yadda take. Dariyar ce ta ƙi fita daidai, suka sake, ta sake ƙi. Inno ta ce a bar ta haka nan.

Da za ta tafi, Inno ta ɗauko man shanu a 'yar kwalba ta ba ta, ta rako ta har bakin garke, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta gaida mutanen gida, ta juya.

A ofis Surayya ta buɗe tamfilet ta ƙara gurbi ɗaya, na gaisuwa, ta yi shi yadda in gari ba shi da ita na'ura za ta tsallake. Ta sauka cikin jeri har rugar Arɗo Hamidu ta rubuta sunan sabuwar muryar. Ta yi zagayen gwaji, ta ga akwati ɗaya ne zai canza, ta aika.

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara. Goggo Dije ce.

"Ke, Kaɗo, kin kashe mu da dariya. Yara sai kwaikwayonki suke yi. Arɗo ya ce a tambaye ki ko da tuwo a bakinki kinka yi."

"Goggo, Inno fa?"

"Ta tatsa. Ƙwarya ta cika. Ta ce in gaya miki wurin dakatawar kin yi sauri."

To, haka aka yi. Muryar Lukuman ba a ƙara jinta ba, ta tafi ke nan. Abdulrasheed ya gyara sharar, yanzu duk abin da za ta kwashe sai ta fara aiko da shi ofis an ajiye, kuma shi ke riƙe da aikin har yau. Goggo Dije tana nan tana kai nono Kalgo. Surayya ta yi wani aure bayan shekara biyu, da wani malamin makaranta a Gwandu, ta haifi 'ya mace, ba ta bar aikin akwatuna ba, kuma duk sallah tana zuwa rugar da yarinyar. Inno ta yi shekaru tana tatsa a gindin sandar nan, har ƙafa ta hana ta fita, ta rasu a daminar da ta wuce, aka rufe ta a Dangoma.